Tukunyar da Ta Taɓa Tashi Sama

A gidanmu akwai tukunyar da ta taɓa tashi sama.
Baƙo in ya ji sai ya yi dariya,
ni kuwa ba na taya shi.

Ranar kasuwar Masakori ce, shekarar da yaƙi ya ƙi ƙarewa,
ina ɗan shekara tara, ina zuga wa Baba wuta a maƙera,
muka ji ƙara daga arewa, ƙara mai tari,
kamar tsoho mai fuka yana hawan tudu.
Jakai suka tsinke igiya. Mai nono ta saki ƙwarya.
Ya sauko ƙasa-ƙasa, hayaƙi na bin sa kamar jela,
inuwarsa ta rufe rumfunan 'yan kanwa,
har na ga hannun mutum ta taga.
Kanmu ya nufo, kowa ya shaida wannan.
Sai ya karkata, fiffike guda ya duƙa,
ya tsallake mu, ya tsallake rijiyar raƙuma,
ya je ya faɗi a gonar Gwamma, inda babu kowa sai gero.

Wuta ta ci har la'asar,
harsasai na fashewa a cikinta kamar gugguru a kasko.

Su huɗu ne.
Washegari wani saje ya karanta sunayensu daga takarda:
Laftanar Beral, shi ne mai tuƙi,
da Adum, da Najita,
sai Barka, wanda aka ce ko gemu bai fara ba.
Biyu na zuwa coci, biyu na salla, in ji sajen,
amma wuta ba ta bar mana abin da za mu bambance ba.
Liman Tanimu ya daɗe yana duban ƙasa,
sannan ya ce a haƙa guda mai faɗi a gindin aduwa,
Wanda ya halicce su ya san su.
Gwamma ta kawo likkafanin da ta tanadar wa kanta.

Sojoji suka kwashe abin da suke so, suka bar saura.
Kafin damina ƙarfen ya watsu cikin gari:
ƙyauren rumbu, kwanon awo, murfin rijiya.
Baba ya narka guntun fiffike, ya zuba a yashi,
ya fitar da tukunya da ludayi uku.
Bai sayar ba. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya
wata mata ta sauka daga motar Injamena,
daga Mundu take, da hoto ƙulle a bakin zane.
Ba ta jin Hausa, Larabcinta tsince-tsince ne.
Na kai ta gindin aduwa. Ta zauna.
Ba ta yi kuka ba, ƙaya ta dinga tsincewa daga kan kabarin
har aka kira magariba.
Da dare Inna ta tuƙa tuwo a tukunyar nan.
Matar ta ci, ta sha ruwa, ta yi godiya,
ni kuma loma ta tsaya mini a wuya.
Da asuba na faɗa mata, da hannu da rabin harshe.
Ta ɗauki tukunyar ta juya, ta shafa baƙin gindinta,
ta kara kunne a bakinta kamar mai jiran magana,
sai ta mayar da ita kan murhu.
Ludayi guda ta roƙa.

Yanzu aduwar ta tsufa, ni ma haka.
Yara na buga ƙwallo a wurin, suna ce masa Gonar Jirgi.
Jikana ya tambaye ni ko da gangan mutumin ya karkata,
ko kuwa jirgin ne ya ƙwace masa.
Ban sani ba, ban shiga zuciyarsa ba.
Na dai san kasuwa ta ci a mako na gaba,
da mai nono da 'yan kanwa da ni, duk muna ciki.

Ranar kasuwa, in an kwashe tuwo,
ni nake wanke tukunyar da hannuna,
in kira su ɗaya bayan ɗaya,
Beral, Adum, Najita, Barka,
sannan in kife ta ta bushe.