Taƙi Biyu Saura Yatsa Uku

Daren Juma'a muka baro Kajaani,
mu huɗu da kare, da buhun dankali a bayan mota.
Titi ya ƙare, gidan bai bayyana ba,
ƙafa ce ta biya sauran bashin,
dusar ƙanƙara har gwiwa,
Sulo a wuyan ubansa yana ƙirga taurari, yana ɓata lissafi.

Babana Aulis na bakin ƙofa da fitila.
Bai ce sannu da zuwa ba,
ya ce, "Ku karkaɗe takalmanku."
Wanda ya san shi ya san runguma ke nan.

Asabar, sai ƙarfe goma rana ta leƙo,
baƙuwar da ba ta cire mayafi ba don ba zama za ta yi ba.
Onerva ta shiga rumfar itace neman gatari,
ta fito da katakan zamiya guda biyu,
dogaye, sirara, da harafin H a ƙone a goshinsu.
Na Hilkka ne. Na uwata.
Hunturu biyu ke nan ba wanda ya taɓa su.
Na buɗe baki in ce ta mayar,
sai tsoho ya miƙa hannu ya karɓa,
ya zauna a kan kututture yana goga musu kaki,
a hankali, har tsakiya, har gefe,
kamar mai shafa wa mara lafiya mai a ƙafa.

Muka hau tafki da ƙafafunmu.
Ya huda ƙanƙara, ruwa ya tofo baƙi ƙirin,
ya zura sandarsa mai tsage-tsage,
kowace tsaga shekara ce.
"Taƙi biyu saura yatsa uku," in ji shi.
"Shekarar da aka haife ki, doki ya ratsa nan da lodin gungume."
Daga nan bai ƙara ba.

Can ƙarƙashinmu wani abu ya yi gurnani,
dogo, daga wannan gaɓa zuwa waccan.
Sulo ya ƙanƙame ƙafata.
"Tafki ne ke juyi a cikin barcinsa,
kai ba ka juyi?"

Awa uku a kan bokiti kife, fatsa a rami.
Gashin bakin Ilpo ya yi furfurar aro.
Abin da muka samu: kifi ɗaya,
bai fi ɗan yatsan tsakiya ba.
Miyar daren nan dankali ne da madara
da labarin kifi.

Sai ɗakin surace. Ruwa a kan duwatsu masu zafi, cau!
Muka fito jajaye muna tururi,
yara suka faɗa cikin farin sanyi suna ihu,
kare yana zagaye su, ya rasa wa zai ceta.

Lahadi na hau katakon yara a kan tudu,
ni mai shekara arba'in da uku.
Ban kai ƙasa da mutuncina ba.
Ina kwance, ƙanƙara a kunne, a wuya, a hanci,
na ji wata dariya da na manta muryarta.
Ta babana ce. Ta yi tsatsa, amma ita ce.

Onerva kuwa ta zagaye tsibiri ita kaɗai,
ta bi ta bayan dutse, ta ɓullo ta wajen itatuwa masu farin ɓawo.
Ba wanda ya gaya mata nan ce hanyar kakarta.
Layi biyu ta bari a baya, miƙaƙƙu,
tsoho ya tsaya a kansu har shayinsa ya huce.

"Ku tafi kafin duhu," ya ce, ƙarfe biyu na rana.
Ya cusa wa Sulo wuƙa a hannu,
ya riƙe hannun, suka yi wa sanda tsagar bana tare.

Da na waiwaya daga bakin daji,
katakan nan biyu na jingine a jikin ƙofa.
Bai mayar da su rumfa ba.