Hoton da Ba a Ɗauka Ba

Baba Kyari bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
Wanda ke katinsa ma damina ta cinye,
sai tabo, kamar shatin kofin shayi kan tabarma.

Shekara bakwai da binne shi
na zauna shagon Mutari, bayan kasuwar Dole,
inda ake cajin salula, ana buga takardun lakwal.
Ya ce, "Na'urar nan ba ta san uban kowa ba.
Abin da ka faɗa, shi za ta zana. Faɗi."

Na rubuta: dattijo, baduku, mutumin Damagaram.
Ta miƙo wani tsoho fari sol, gemu har cibiya,
zaune kan darduma, teku a bayansa.
Teku!
Mu da ke tura baro da jarka tun assalatu
in famfo ya yi yaji kwana goma.

Mutari ya nuna wani gurbi can ƙasa:
"Nan ake zuba abin da ba a so."
Na zuba. Ban da teku. Ban da raƙumi.
Ban da zoben zinariya.
Ban da murmushin mai tallar man goge baki.
Na daɗe a gurbin nan fiye da na sama,
ina tsince Baba daga cikin baƙi.

Akwai kuma wani ma'auni mai kama da linzami.
Ka ja, ta bi maganarka sau da ƙafa
har hoton ya ƙandare kamar fatar da ta kwana a rana.
Ka saki, ta tafi kiwo,
ta dawo da kakan wasu.
Muka tsaida shi tsakiya, yadda ake riƙon jaki mai gardama.

Da wata fuska ta ɗan kusanto
Mutari ya ce, "Kama lambar irin, kar ta gudu."
Dubu huɗu da ɗari da sha bakwai.
Na rubuta a tafin hannu, zufa na lasa.

Sai na fara ƙari, ɗinki bayan ɗinki:
duwatsun Birni a baya, masu kama da giwaye a durƙushe,
jar fata bisa gwiwa, basilla, koren zare,
tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaure da tsumma,
kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka,
hasken la'asar sakaliya, ba na azahar ba.
Ta ba shi yatsu shida.
Muka gyara, ta ba shi huɗu.
Kuran ya ɗauke. Muka sha shayi. Kuran ya dawo.

Bayan magariba na kai wa Inna Cima takardar.
Ta kai ta kusa da fitila, ta nisanta, ta karkata.
Ta ce, "Bangon namu ne.
Amma wannan yana kallona.
Kyari in yana aiki, ko Sarki ya shigo,
sai ya gama layin ɗinkin."

Ta kife hoton kan cinya.
"Karanta mini abin da ka gaya wa abar."
Na karanta, tun daga dattijo har la'asar.
Wajen tabarau ta yi dariya, ta goge ido da gefen zane.
"Zaren ba kore ba ne, shuɗi.
Kore na ranar da babu kuɗi ne.
Kuma ka manta tarin.
Sai ya yi tari biyu kafin ya faɗi kuɗin takalmi."

Na ce, "Inna, ba a zana tari."
Ta ce, "Sa dai."

Washegari na koma shagon.
Lambar ta goge, saura sha bakwai.
Na buɗe gurbin sama, na sa shuɗi,
na sa kai sunkuye,
na sa tari biyu.