Butar Mai

Shekara goma sha tara ina hawa tsani
a rumfar taragu ta Tinsley, can gabashin Sheffield,
bayan taragon ƙarshe ya shigo yana huci,
kwandasta ya ƙirga kwabbai ya kama hanyar gida.
Ni nawa aikin sai dare ya tsala.

Kun ga sandar nan ta bisa rufi
mai miƙa wuya sama kamar tana roƙon ruwa?
A bakinta akwai ɗan gargaren tagulla,
bai fi murfin butar shayi ba.
Shi ke bin waya yana tsotso wuta,
shi ke ɗauke da mutum saba'in
zuwa maƙerar ƙarfe kafin jiniya ta yi kuka.
Ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya gaishe shi
sai ran da ya zame, tartsatsi ya zubo shuɗi,
kowa ya makara.

Ni ne mai shayar da shi.
Ɗigo uku a cibiya, in juya da yatsa, in kasa kunne.
Na san su da murya:
mai lamba arba'in da ɗaya maƙoshinsa a bushe yake kullum,
mai lamba tara kuwa, in ka ƙara masa ɗigo guda
sai ya tofa wa matan benen sama a hula,
washegari takardar ƙorafi ta riga ni isowa.

Sai ga Mista Ollerenshaw wata Talata,
takalminsa ko ƙura babu,
da akwatin katako cike da ciyawa.
Ya zaro gargare sabo fil, ya nuna mana cikinsa:
an ɗura masa baƙin abu, irin na bakin fensir.
Ya ce wannan da guzurinsa ya zo duniya,
yana gudu yana shafa wa kansa.
Helma Birtles ya dubi gargaren,
ya dubi butata,
bai dube ni ba.

Na so ya gaza, ba zan ɓoye ba.
Mako shida ina tsayawa a kwanar Attercliffe
cikin yayyafi, hannu a aljihu,
ina jiran ƙiiii ɗin nan da na sani.
Shiru.
Sai wani sassanyan shuuu, kamar ana jan zare a alhariri.
Hulunan mata fes.
Wayar ma ta daina cinyewa.
Abin da ya fi ka, ya fi ka.

Ba su kore ni ba.
Tsintsiya suka ba ni, da buhun yashi
na barbaɗa wa dogo in sanyi ya sa shi santsi.
Daga sama na dawo ƙasa,
sule biyu suka ragu a albashi.
Butar tana nan bisa taga, gizo-gizo ya kama haya a bakinta.

Wani tsohon gargare na ɗauko daga juji,
kwarinsa ya zurma, gefe guda ya cinye.
Shi ke tokare mana ƙofar kicin.

Jiya da daddare gwiwata ta yi ƙara a matakala,
ƙarar mai lamba arba'in da ɗaya sak.
Hester ta ji daga ɗaki.
Ba ta ce komai ba, ta ɗumama man zafi a cokali,
ta durƙusa, ta murza, ta lanƙwasa ƙafar,
ta kasa kunne.

Na ce mata, ni ba a ɗura mini komai a cibiya ba.
Ta ce, na sani,
miƙo ɗayar.