Bayan Firam

A shagon Baba Mainasara, nan Mai Wurno,
inda ƙamshin maɗaci ke kokawa da na gahawa,
shekara biyu na yi ina gogar falanki
kafin ya yarda in taɓa gilashi.

Ya ce, "Annur, gaban firam na baƙo ne.
Zai ga fenti, ya ga kusurwa huɗu sun haɗa baki,
ya ce madalla, ya shanye shayinsa ya tafi.
Baya kuwa na mai gida ne.
Can ake gane kafinta."

Sai ya nuna mini:
siririn gurbi a jikin katako,
zurfinsa ƙwayar riɗi uku a jere.
Gilashi ya kwanta, hoto ya bi shi,
kwali ya rufa musu baya,
sai 'yan sakatu huɗu da aka yanko daga gwangwanin madara,
farce kaɗai ya isa ya juya su.
Ba gam, ba ƙusa.
"Ƙofa ce," in ji shi. "Wa ka taɓa gani ya liƙe ƙofa?"

A raina na ce, tsoho da son wahala.
Ƙusa huɗu, guduma huɗu, ai an gama.

Wata Laraba Hajja Sittana ta shigo
da firam naɗe a gefen mayafi.
Marigayi mijinta ne, hula a karkace,
ɗaukar Madani, tun zamanin baƙi da fari.
Gara ta cinye masa ƙasa.
Wanda ya haɗa shi ya malala gam,
ya bi da ƙusa goma sha ɗaya. Ni na ƙirga.
Tun hantsi muke lallashinsa da tururin buta da bakin wuƙa,
sai bayan la'asar ya saki.

Ashe mutum biyu ne a ciki.
Bayan mijin ga wata yarinya riƙe da keke,
tana dariya har da wushirya,
gam ya ɗauke mata rabin kunci.

Hajja ta zauna kan buhun garin katako.
Ta ce, "Ni ce.
Shekara talatin ina zargin ƙanwata Batula da sace shi.
Har ta koma ga Allah ban janye ba."
Shago ya yi tsit,
sai kukan injin ban-ruwa daga bakin kogi.

Da ta share ido ta ce a yi mata sabo,
irin mai buɗuwa.
"Juma'a shi ne a gaba. Sauran kwanaki sai yadda na tashi."

Shekarar da mutane suka kwararo daga Khartum
na ga sauran karatun.
Gilashi nauyi gare shi, kuma ba ya son hanya.
Mai firam mai sakata ya zare mutanensa,
ya sa su a ƙirji tsakanin riga da fata,
ya bar wa bango katakonsa.
Wani malamin makaranta ya ce mini
minti guda ya tsaya yana kokawa da ƙusa
kafin matarsa ta ja shi waje.
Uwarsa na can rataye a Bahri.

Yanzu shagon a hannuna yake.
Baba yana bisa bango, saman zarto,
ya ɓata rai don bai son a ɗauke shi.
A bayansa na ajiye takardar awonsa
mai tabon gahawa da lambobi karkatattu.
In na yi shakkar zurfin gurbi
sai in sauko da shi, in kifa shi kan tebur,
in juya sakata huɗu da farce.

Jiya yaron da nake koya wa ya tambaye ni
me ya sa ba ma buga ƙusa mu huta.
Na miƙa masa gwangwani da almakashi.