Dangwale

Ranar da suka zo Shen da takarda
Baba Dalyop bai wanke hannu ba.
Da jar ƙasa a ƙarƙashin farce
ya dangwala yatsa a tawada.

Ma'aikaciyar ta karanta masa sau biyu:
gona taka ce, ka noma, ka bar wa 'ya'ya,
ka sayar ma in ka ga dama,
amma duk hannun da ta faɗa
ba a dasa bulo a cikinta.

Yayana Chuwang ya fice, ya bugo ƙyaure.
Shi ya riga ya gama lissafi:
fuloti goma sha ɗaya,
shago a Bukur, kuɗin makarantar yara.
Ban ga laifinsa ba.
Abin da gwamnati ta bayar
bai kai rabin tayin dillali ba.

Yanzu katangu sun sa mu a tsakiya.
Gabas, benen wani da ba ya kwana ciki,
yamma, janareta na tari har asuba.
Mu kuwa da damina acca,
da rani kabeji na shan ruwan tsohon ramin kuza.

Jiya maigadin bene ya leƙo
ta saman waya mai ƙaya:
"Uwargida na tambaya, nawa kwandon dankali?"

Chuwang ne ya amsa, yana duƙe a kunya.
Ya yanka kuɗi, bai rage ko sisi ba.

Baba na kwance gindin kerana, bakin iyaka,
shekara uku ke nan.
Bai ji ba.
Ko ya ji, wa ya sani.