Tsibirin Jatau

A bakin tsohuwar tasha, ƙasan fitilar jirage,
akwai wani dutse da teku ke yankewa idan ta cika.
Masunta ba su raɗa masa suna ba.
A gidanmu kaɗai ake ce masa Tsibirin Jatau.

Faɗinsa bai fi buzu uku ba,
amma nan kakan babana ya fara taɓa Ankara,
in ji Goggo Tabawa, da ba ta rantsuwa a banza.
Jirgi ya tsaya can nesa, ya ƙi matsowa,
aka zuba su a kwalekwale kamar buhunan gishiri,
da jar dara, ba takalmi,
ruwa ya kife su ana hangen hayaƙin gari.
Shi ya rungumi dutse. Bindiga ta nutse.
Aka yanke masa albashin wata huɗu.

Magatakarda bai tambayi garinsu ba.
Ya dubi tsagar fuskarsa, ya rubuta Jatau Hausa,
lamba ɗari biyu da sha ɗaya.
Hausar ma a hanya ya tsince ta,
a bakin waɗanda suka sayar da shi sau biyu.

Shekara tara yana gadi a kan ganuwar Turawa,
yana shafa wa igwa mai.
Ya ce duk yana zaton teku suke tsoro,
sai ranar da aka ce ya juya bakinta
ta dubi kasuwa,
inda Ayele ke ƙyafa kifi.
Ya juya. Ba a harba ba.
Da daddare ya sauka ya sayi kifinta duka,
bai iya duban idonta ba.
Ita ce ta haifi Ɓarau.

Ɓarau ya tafi yaƙin Jamus, ya dawo da tari.
Ɗansa Ɗangana, babana, ya tafi Bama,
ya dawo da lambobi biyu a gwangwanin taba
da wani shiru da ba ya son ƙarar ruwan sama.

Ina aji uku rediyo ta ce baƙi su tashi.
Sati biyu.
Zango ya cika da ƙullin kaya,
ana sayar da keken ɗinki kuɗin tukunya.
Ɗan sanda ya zo da littafi: ina takarda?
Baba ya buɗe gwangwani, ya miƙa ta sallamar soja.
Aka sara masa.
Goggo Tabawa, uwa ɗaya uba ɗaya,
ta miƙa hannu, ba komai sai ƙanshin dokunu.
Ta yi magana da yaren Ga, irin na kakarta,
har ɗan sandan ya sunkuyar da kai.
Ya dai rubuta.

Aka ce ta koma garinsu.
Ta ce to, a kai ta kan dutse.
Mutane suka yi dariya, sannan suka daina.
Ta hau akori-kura da tabarma da turmi,
zuwa arewar da ba ta taɓa gani ba.
Wasiƙa biyu muka samu.
A ta biyun ta ce can suna ce mata ’yar Gana,
kuma kifinsu ba gishiri.

Jiya na kai jikana Inuwa.
Jirage sun daɗe da komawa Tema,
an zuba siminti ko’ina, mai gadi ya tare mu.
Ya ce, Baba, ina katinka?
Na laluba aljihu, hannuna yana rawa,
ga katin, sabo, da hotona.

Ruwa ya janye, dutsen ya fito da gansakuka.
Inuwa ya ce, wannan ne? Shi ke nan?
Ya tuɓe takalmi, ya tsallaka,
ya tsaya a kai yana cin gyaɗa,
yana jefa wa kaguwa ɓawo.
Na ce ya sauko, teku ta fara dawowa.
Ya ce saura kaɗan.