Idin Yusufu Kafinta

Sati uku ke nan muna kwana a kicin,
ni da Kyauta da yara biyu,
katifa ɗaya kusa da buhun masara.
Sallau ya yaye kwanon rufi,
ya ce kwana biyu. Kwana biyun kafinta
ba a ƙirga su da yatsu.

Hoton Iyali Mai Tsarki
mun naɗe shi a zane, yana kan firiji.
Siminti har cikin gishiri.

Yau ɗaya ga Mayu, idin Yusufu Ma'aikaci.
Takalmin cocina ɗaya ya faɗa bokitin fenti,
da silifa na je Misa.
Fada ya ce mijin Maryamu mai kanta ne a hannu.
Na tuna hannun Sallau,
na tuna cikon kuɗinsa da nake ta ja masa rai.

Muna fitowa, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a kan Yalwa.
Muka sheƙa.
Tun daga bakin layi muke jin guduma:
ashe yana sama, ran hutun ma'aikata,
shi da yaronsa, ƙusa a baki,
suna tsere da iska.

Saura falle uku ruwa ya kece.
Muka jera robobi inda ke zuba,
muka zauna kan bulo, mu shida,
shinkafar idi a tire ɗaya.
Sallau ya yi bisimilla, muka yi alamar gicciye.

Godiya ta ce, "Baba, a kwance hoton mana,
shi ma ya ga aikin."